Na'urar Ta Ce Lafiya Lau

Daga bencin jira nake hango ta. Gajeriya ce, rigar asibitin ta yi mata yawa. Da gani aikinta taimakon waɗanda magana ta gagara. Tana riƙe da kwamfutar hannu a gaban wani dattijo mai karkataccen baki. Idan ya kalli hoto, na'urar ta yi magana a madadinsa.

"Lafiya lau nake," in ji na'urar.

'Yarsa ta yi ajiyar zuciya. "Alhamdulillahi. Mu tafi gida ke nan?"

Ma'aikaciyar zufar goshinsa take kallo. Wataƙila ta taɓa yarda da muryar nan, ta yi da-na-sani. Ta kife na'urar, ta durƙusa.

"Baba, abin nan yakan ƙarasa maka zance. In akwai ciwo, rufe ido."

Ya runtse, ya ƙi buɗewa. Tuni ta yi waje tana ƙwala wa likita kira.

Na shafa wuyana. Gobe za a yi mini aikin maƙogwaro, an ce muryar ba za ta dawo ba. Ya Allah, ranar da tawa na'urar ta yi ƙarya, Ka sa akwai mai kife ta.