Garmahon Dama

A gidanmu na Aujara an san ni da gyaran rediyo a Dutse, kuma ba ƙarya ba ne. Ina gyaran rediyo, ina gyaran amfilifayar masallatai, ina naɗa wa lasifika sabuwar waya idan ta ƙone. Abin da ba a sani ba shi ne daga Juma'a zuwa Lahadi ni DJ ne, mai saka wa mutane kiɗa a bukukuwa, wanda mu a nan muke furtawa dije. Wata rana Inna ta ji abokina ya kira ni da haka a waya, ta ce wane irin rashin mutunci ne a kira ƙato da sunan mace. Na ce mata tsokana ce ta 'yan birni. Ta ce lallai 'yan birni ba su da aikin yi.

Garmaho biyu gare ni, na'urar nan mai juya faifai, tsofaffi masu nauyi, na saye su a Kano wurin wani dattijo da ya bar sana'ar. Abokan aikina duk kwamfuta suke kiɗa da ita, suna yi mini dariya wai ina yawo da kayan gado. Su ta shafa. Ni so nake hannuna ya taɓa kiɗan. Faifai ɗaya a dama, ɗaya a hagu, miksa mai haɗa sautinsu a tsakiya da ɗan maɓallinta da ake turawa nan da can. Sai ka dafa faifan yana juyawa, ka ja shi baya ka sake shi, mawaƙin hip hop ya maimaita kalma ɗaya yadda ka ga dama. Karta muke ce wa wannan. Na shekara da shekaru ina koyonta, har ta kai ina cin tuwo yatsuna na murza bakin kwano ban sani ba. Gyaran kuwa dole ce ta koya mini, don a lokacin ban sami wanda zai buɗe mini cikin garmaho ya mayar da shi daidai ba.

Mahaifinmu, wanda mu ma 'ya'yansa Malam muke ce masa, yana da makarantar allo a zauren gida tun kafin a haife ni. Bai taɓa dukana ba, ban kuma taɓa jin ya ɗaga murya ba. Abin tsoro a wurinsa kalma ɗaya ce. Idan ya ce a bari, an bari ke nan, ba a tambayar dalili, ba a kuma komawa a ɓoye, don wanda ya koma ya san abin da ya ɗaukar wa kansa. Yayana ya iya ƙwallo har ana zancen za a tafi da shi Kano. Malam ya ce masa ya bari, ko kai bai ɗaga daga allon da yake dubawa ba. Yanzu taki yake sayarwa a kasuwar Jahun, kuma ko a rediyo aka kamo ƙwallo tashi yake ya ba da wuri. Ni dai a ganina muddin Malam bai sani ba, to bai hana ba. Ranar da ya sani ya furta kalmar nan na gama, ga shi ba ni da wani abu a duniya da na iya nake kuma so kamar wannan.

Wata Laraba da hantsi Inna ta kira ni ta ce Malam ya hau mota, wurina ya nufa. Na ce lafiya? Ta ce lafiya lau, garmahon Kaka, mahaifinsa, ne ya ɗauko daga ƙasan adaka, yana so a gyara. Tun da na kama shagon nan Malam bai taɓa taka shi ba. Na rasa ma da me zan fara.

Na fara da bango. Na yage hoton wani wasa da aka buga da fuskata a kai, ina sanye da baƙin tabarau kamar ɗan daba. Akwatunan faya-fayaina na juya su suka fuskanci bango, saboda hotunan da ke jikin kwalayensu ko Inna ba zan so ta gani ba, balle Malam. Na cire sarƙar wuyana na jefa cikin gwangwanin kusoshi. Garmahon biyu da miksa ne suka gagare ni, ba inda zan kai su, sai na yafa musu tsohon zanin gado. Maƙwabcina mai faci, dattijo ne mai son ganin ƙwaf, ya leƙo ya tambaye ni ko 'yan haraji ne za su zo. Na ce masa ya fi haka.

Malam ya sauko daga keke mai ƙafa uku rungume da ƙunshi biyu a ƙirji. Na durƙusa na gaishe shi, na kai hannu zan karɓa, ya ba ni garmahon ya riƙe ɗaya ƙunshin. Ya zauna a kan bencina ya ƙare wa shagon kallo a tsanake.

Garmahon Kaka ɗan ƙarami ne mai batir, da marfi kamar akwati, wanda ya zo da shi daga aikin Hajji tun Malam yana saurayi. Ina buɗe shi na ga ciwon. Bel ɗin da ke juya farantin ya narke ya zama kwalta, allurar kuma ta cinye. Na gaya masa bel ba matsala, zan yanko daga robar tayar keke a wurin maƙwabcina, amma allura sai an nemo a Kano, ƙila a ɗauki mako biyu. Na faɗi haka da ɗan sauƙi a raina, ina ganin zai bar shi ya koma gida.

Sai ya kwance ɗaya ƙunshin. Faifan karatun Alƙur'ani ne, na wani makarancin ƙasar Larabawa, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda Kaka ya kawo. Ya ce rabon da ya ji shi tun rasuwar Kaka, kuma kwanan nan muryar ke ta dawo masa a kunne. Ya nuna zanin gadon da haɓa, ya tambaya ko abin da ke ƙarƙashi ba garmaho ba ne. Ashe gefen ɗaya ya leƙo. Na ce su ne. Ya ce na mutane ne? Na ce nawa ne, na gwaji. Ya ce to a gwada.

Na miƙa hannu ya janye faifan.

"Kana da alwala?"

Na fita bayan shago na yi alwala. Na dawo na yaye zanin. Fitilun miksa suka kama, ja da kore, sai suka yi mini kama da masu ba da shaida. Na goge faifan da ƙyalle mai laushi, na ɗora shi a garmahon dama, na saukar da allura. Manyan lasifikokina da nake girgiza filin biki da su suka saki muryar bawan Allahn nan, mai sanyi, da ɗan ƙarar tsufan faifai a ƙarƙashinta. Malam ya runtse ido, laɓɓansa na bin karatun. Na ga abin da ban taɓa gani ba, gefen idonsa ya jiƙe. Raina ya ɗan kwanta, har na fara tunanin zan sha.

Ana tsakiyar aya sai allura ta yi tsalle ta koma baya. Rabin ayar ya sake fitowa, ya kuma sake fitowa. Malam ya buɗe ido ya ce dama tun da can nan take sarƙewa, Kaka kwabo yake ɗora mata a ka. Na ce ba sai an sa kwabo ba, akwai ɗan ƙarfe a bayan hannun allurar da ake murɗawa ya ƙara mata nauyi. Na murɗa. Saura in koma daidai wurin in ji ko ta wuce.

Mai gyara na gari ɗaga allura yake ya mayar da ita baya. Ni ma na sani sarai. Amma hannuna bai tsaya shawara da ni ba. Yatsuna suka sauka a kan faifan yana juyawa, suka ja shi baya, suka tura gaba, suka sake ja, hannun hagu kuma ya kaɗa maɓallin miksa daidai da su, tsaf kamar ina tsakiyar fili ana ihu. Muryar makarancin ta fito a juye, ta tsinke, ta dawo, da irin kukan nan da samari ke tsalle idan sun ji. A kan Alƙur'ani, a gaban Malam, ta lasifikokin da ake ji har bakin titi.

Na fizge hannuna. Faifan ya ci gaba, ayar ta wuce wurin da take sarƙewa lafiya lau. Na san garinmu, na san abin da magana ɗaya irin wannan kan zama idan ta fita daga baki zuwa baki kafin azahar. A lokacin ba sana'a kaɗai nake ji wa tsoro ba.

Mai faci ya bayyana a bakin ƙofa da ƙarfen taya a hannu, bayansa wani mai babur da ya kawo faci. Fuskar dattijon ba wasa. Ya ce me ya ji yanzu, wa ke wasa da karatu? Malam ya juya ya dube su, da rawaninsa da carbinsa, ya ce:

"Gyara ake yi. Faifan mahaifina ne, ni na kawo."

Mai faci ya rusuna ya ce Allah ya gafarta Malam, a yi haƙuri. Suka koma. Malam ya bar faifan ya kai ƙarshe, ni ina tsaye hannuwana a baya na riƙe ɗaya da ɗaya. Da allura ta isa tsakiya ya yi addu'a ya shafa, na shafa tare da shi.

Sannan ya dubi hannuna, ba fuskata ba. Ya ce wannan hannun ba yau ya fara ba. Na ce haka ne. Ya tambayi abin da ke cikin akwatunan da suka juya wa mutane baya, na gaya masa. Na gaya masa Juma'a da Asabar da Lahadi, da bukukuwa, da wasan ɗalibai. Ban san me ya sa na zazzage duka ba, ƙila don na gaji da tsoron ne. Na durƙusa na sunkuyar da kai ina jiran kalmar. Ina iya jin ta ma tun kafin ta fito.

Ya naɗe faifan a ƙyallensa a hankali, ya ɗaure. Ya miƙe ya dafa garmahon da aka yi karatun a kai.

"Wannan na daman an ɗora masa karatu. Kada a sake ɗora masa wani abu."

Na ce to.

"Na hagun kuwa, kai da Ubangijinka."

Na raka shi tasha, bai ƙara tayar da zancen ba. Ya tambaye ni farashin gero a Dutse, ya ce in aika da garmahon Kaka idan allura ta samu. Mota ta tashi na tsaya ina kallon bayanta, na kasa gane ko an sake ni ne ko an ɗaure ni. Da ya ce in bari, da na yi kukana na san inda na tsaya. Yanzu ba wanda zan ce ya hana ni, ba kuma wanda zan ɓoye wa.

Ranar Asabar ina da biki a Kiyawa bayan la'asar. Mai keken da ke ɗaukar mini kaya ya loda lasifikoki da miksa da garmahon hagu, ya dawo zai ɗauki na dama na ce ya bar shi. Ya ce da ɗaya zan yi kiɗan? Na ce da ɗaya. Na kulle shagon, na daɗe riƙe da kwaɗon kafin na iya juyowa na hau.