Wuyan Darakta

A Zongon Lome, bayan layin mahauta, akwai wata rumfa da ba ta rabuwa da ƙarar gizago. Ta Moumouni masassaƙi ce. Rabin turamen unguwar daga hannunsa suka fito, haka allunan makaranta da katakon da mahauta ke sara ƙashi a kai. Mutum ne siriri, marar yawan magana, wanda in ka gaishe shi sai ya gama kallon fuskarka tsaf kafin ya amsa. Mutane sun ɗauka nauyin kai ne, alhali kuwa awo yake yi. Tun yana ƙarami yake son sassaƙa fuskar mutum, bai taɓa yi ba, don a Zongo sunan wannan aiki gunki.

A shekarun nan da kowa yake ɗan jam'iyya ɗaya, ko ya sani ko bai sani ba, abokinsa Tchakoura ya zo masa da labari. Tchakoura masinja ne a wani ofishin al'adu cikin gari, Bakotokole mai son ji da son faɗi.

"Kai, mai turmi, ajiye gizagon nan ka saurara. Wasu Turawa za su ɗauki masassaƙi ɗaya ya je ƙasarsu shekara biyu, ya koyi aiki, ya ga na mutanen da. Ci da kwana duk nasu. Bursu ake ce masa. Sharaɗi biyu ne: kada ka wuce shekara arba'in, kuma ka kawo siffar mutum da ka sassaƙa."

Takardar haihuwar Moumouni ta ce shekarunsa talatin da tara. Ko ba a faɗa masa ba, ya san ƙofa ce da ba za ta sake buɗuwa ba.

"Siffar wa zan yi?"

"Ji wata tambaya! Ta Daraktan ofishinmu mana, shi ne shugaban masu zaɓe. Ka taɓa ganin wanda ya ga kansa ya ce bai yi kyau ba?"

Washegari ya kawo masa hoton Darakta, mutum mai kumatu da wuya hawa uku.

Moumouni bai taɓa itace ba sai da ya je wurin Malam Abdulwahidu, limamin masallacinsu. Ya durƙusa ya zayyana masa komai.

"Ka san hukuncin," in ji Malam. "Wanda ya yi siffar abu mai rai, ranar ƙiyama za a ce ya hura mata rai, ba kuwa zai iya ba."

"Allah gafarta Malam, ba wata kafa?"

Malam mutum ne mai tausayi, ya ga idon Moumouni ya kawo ruwa. Ya ce, "To, an ce in siffar ta zama yadda ba za ta rayu ba ko da mai rai ce, abin da sauƙi."

Da wannan Moumouni ya tashi yana ta godiya.

Wata huɗu ya yi a kan gungumen maɗaci, bayan rumfa, ya kewaye da tabarma. Turame suka yi tsada a Zongo. Matarsa Fatsuma ta leƙa ranar da hanci ya fito, ta ja da baya tana salati, sannan ta dawo ta sake leƙawa.

"Baban Mariyatu, ashe haka hannunka yake? Wallahi kamar zai ce a kawo masa ruwa."

Ba a taɓa yi masa yabon da ya kai wannan ba. Amma yabon ne ya tsorata shi, don abin da ke shirin neman ruwa ai bai yi nisa da rai ba. Ya tafi wurin Iddi mahauci ya tambaye shi iya ina wuƙa ke kaiwa a tabbata dabba ba za ta tashi ba. Iddi ya ɗora yatsa a wuyansa ya nuna masa: maƙogwaro da jijiyoyin nan biyu, daga nan zuwa nan. Moumouni ya koma ya ɗauki zarto, ya yi bisimilla, ya yi wa Darakta yanka mai tsabta, har ya bi da magagari ya goge bakin. Fatsuma ta ce wurin ya yi muni, ta ɗaura masa ɗankwalin jam'iyya a wuya.

Ranar zaɓe ya ɗora shi a kura ya tura har cikin gari. Masassaƙa goma sha ɗaya ne suka zo, akwai masu takalmi sau-ciki. Amma da aka buɗe nasa sai ɗakin ya yi tsit. Baturiyar da ta zo daga wurin masu bursu ta zagaya shi sau biyu. Darakta ya tsaya gaban kansa yana murmushi, yana shafa kumatu, nasa da na itacen. Tchakoura daga bakin ƙofa yana ta ɗaga wa Moumouni gira. A ransa Moumouni har ya fara tunanin wa zai bar wa rumfa.

Sai Darakta ya ce ɗankwalin ya ɓoye aiki, ya sa hannu ya kwance.

Jandarmomi sun riƙe Moumouni kwana ashirin da uku. Tambayar ɗaya ce: wa ya sa shi? Ya yi musu bayanin ranar ƙiyama, suka ce ya bar musu wa'azi. Da ya gane suna suke nema, kuma sunan da ke bakinsa na Malam ne, tsoho mai ciwon ƙafa, sai ya ce shi kaɗai ya yi tunaninsa. Ya fito yatsu biyu na hannun damansa ba sa lanƙwasuwa. An kori Tchakoura daga aiki, siffar kuma aka kulle ta a ɗakin ajiyar shaida.

Bayan wata biyu wasiƙa ta zo daga Turai. Tchakoura, wanda yanzu yake sayar da goro a tasha, shi ya karanta masa.

"Kai suka zaɓa, mai turmi. Baturiyar nan ta ce ba ta taɓa ganin jarumi irinka ba, wai ka faɗa wa masu mulki gaskiya da itace."

"Ni? Wace gaskiya? Ni fa tsoron Allah ne ya sa ni."

"To kada ka gaya mata. Fasfo kawai suke jira, da takardar shaidar hali daga ofishinmu." Ya ninke wasiƙar. "Darakta ke sa hannu."

Moumouni ya je. Ya yi ta zuwa, kullum da wankakkiyar riga, yana zama a bencin baranda daga safe har a tashi. Ba a kore shi ba, ba a kuma kira shi ba. Darakta yakan wuce ta gabansa, ya ɗaga kwalar riga. A kan bencin nan ya cika arba'in, a kansa ya shiga arba'in da ɗaya. Turawa suka sake rubutowa sau ɗaya, da ban haƙuri, daga nan shiru.

Ya koma sassaƙa alluna, su ne ba sa neman yatsu biyar. Rannan bayan la'asar Malam Abdulwahidu ya dogara sanda ya zo rumfar da kansa, ya daɗe yana gyaran murya.

"Moumouni, maganar nan ta hana ni sukuni. Na sake duba littattafai, na kuma tambayi na gaba da ni. Yanka bai wadatar ba. Sai an raba kan da jikin gaba ɗaya."

Moumouni ya ajiye allon da ke hannunsa.

"Wato har yanzu tana wuyana?"

"In da hali ka je ka ƙarasa."

"Allah gafarta Malam, in je wurin jandarma da zarto, in ce na zo cire kan Darakta?"

Moumouni ya dubi yatsunsa, ya yi wata 'yar dariya marar sauti.

"Shi ke nan. Bursu ya tafi, hannu ya tafi. Ran ƙiyama kuma, duk mutanen duniya a rasa wanda za a ce in hura wa rai sai shi."