Mai Ba Jirgi Ruwa

A Akokan, garin masu haƙar ma'adinai da ke gefen Arlit, in ka ce kana neman Nomau sai a tambaye ka wanne, don Adarawa masu wannan suna sun yi yawa. Amma ka ce mai ba jirgi ruwa, ko akuyar unguwa za ta iya kai ka ƙofarsa.

Mutumin wani ƙauye ne a kan duwatsun Adar, can bayan Tawa. Ya zo arewa yana saurayi da niyyar shiga ramin ma'adinai, likita ya saurari ƙirjinsa ya girgiza kai, sai ya ƙare a aikin garka, wato lambu, a gidan wani injiniya anasara da ake ce wa Dogo. Hannun Nomau yana da albarka, ko kara ya soka a ƙasa sai ka ga kamar zai yi ganye.

A bayan gidan, ƙarƙashin rumfa, akwai jirgin ruwa. Ƙarami ne na katako, irin wanda iska ke turawa, an ɗora shi a kan amalanken ƙarfe an lulluɓe da tampol. Dogo ya sayo shi a bakin teku, manyan motoci suka kawo shi tare da kayan aiki, wai in ya sami hutu zai kai shi Yamai ya sa a kogi. Hutu ya yi ta zuwa yana wucewa, jirgi yana nan a garin da ko rafi babu.

Dogo ne ya koya masa aikin. Ya ce katako in ya bushe tsukewa yake yi, bakin alluna ya buɗe, jirgi ya zama rariya. Saboda haka lokaci lokaci a jiƙa guntun kantun gishirin Bilma a bokiti, a zuba a cikin jirgin, in ya sha a cire toshiyar da ke gindinsa ruwan ya fita. Nomau ya tambayi amfanin gishirin. Hausar Dogo ba ta kai can ba, sai ya ce masa jirgi yana so. Sannan ya dafa kafaɗarsa ya yi masa alkawari cewa ranar da za a sa jirgin a kogi, shi zai zauna a gaba. Nomau bai taɓa ganin kogi ba. Wannan alkawari ya shiga ransa ya zauna, ya zama duk abin da yake jira a duniya shi ne ranar da zai ga jirgin nan a kan ruwa.

Ciwo ya kama Dogo, aka tafi da shi ƙasarsu, daga baya labarin rasuwarsa ya zo. Waɗanda suka gaji gidan ba su damu da jirgi ba, suka bar shi da mai garka. A nan ne idon manomi ya yi aikinsa. Nomau ya daɗe yana jin ciwon ruwan da ke fita daga toshiya, yana zuba a ƙasa ya bar farin ɓawo, ko ƙaya ba ta fitowa a wurin. A garin da ake bin ruwa da jarka, wannan a wurinsa alhaki ne. Sai ya daina sa gishiri. Ya kwashe ƙasar da ta mutu, ya kawo taki, ya shuka zogale da yakuwa da tumatir a gindin jirgin. Da ya ga abin ya karɓi kowa, sai ya ƙara ruwa, ya riƙa barinsa yana kwana a ciki, kamar yadda ake yi wa shuka mai son sha.

Jirgin kuwa ya fara magana. In an zuba masa ruwa sai ya yi wani nishi mai tsawo daga can ƙasa, irin na raƙumin da zai durƙusa. Nomau ya ce godiya yake yi. Matarsa Zulaihatu ta ce ita dai ba ta son abin da ba shi da rai yana nishi a bayan ɗakinta, amma miyar yakuwar tana sha.

Da aka rufe ramin Akokan, unguwa ta watse. Maƙwabta suka ɗaure kaya, layi ya koma ƙofofi a buɗe da tagogi babu labule. Da tsakar rana, lokacin da ko tsuntsu ya nemi inuwa, ba ka jin komai sai wayoyin ƙarfen da ke riƙe da doguwar sandar da ke tsaye a tsakiyar jirgin suna wani zuu a hankali, ko da iska ko babu. In ka ɗaga tampol sai ƙanshin damina ya buge ka a tsakiyar bazara. Wata rana Nomau ya leƙa ya ga kwaɗi a ciki, farare fat, sun zuba masa ido ba sa motsi. Ba wanda ya san ta inda suka zo. Daga ranar Zulaihatu ta daina shanya a wannan ɓangaren.

Shekarar da gemunsa ya gama fari aka kira shi a waya. 'Yar Dogo ce ta tuna da jirgin ubanta, ta sami mai saye a Yamai, mai gidan saukar baƙi a bakin kogi. Zai aiko a duba, in jirgi lafiya a ɗauke shi a mota, kuma ta ce dole a tafi da tsohon da ya kula da shi. Nomau ya sa aka wanke babbar rigarsa tun ba a sa rana ba.

Wanda aka aiko sunansa Hamadi, mutumin kogi, mai gyaran jirage, ba shi da yawan magana. Ya zo da hantsi da ƙaramar guduma da basilla a aljihu. Ya fara da babban ƙyallen da ke tare iska ta tura jirgi, ya ware shi, ya sa yatsa a ɗinki ya ja, zare ya tsinke, ya ce wannan ba komai, tela zai yi. Ya bi wayoyin ƙarfe da tsumma, inda tsumman ya maƙale ya ce nan silin waya ya karye, a canza. Ya girgiza allon juya jirgi ya ji yana lilo, ya ce ƙusa ce ta ci rami, aikin yini ne. Duk abin da ya faɗa Nomau yana gyaɗa kai, zuciyarsa fari ƙal, don ya san inda ƙarfinsa yake. Ko kafar allura babu tsakanin allunan nan.

"Ka duba da kyau, ɗana," ya ce. "Ban taɓa barin shi da ƙishirwa ba."

Hamadi ya dube shi. Ya durƙusa cikin zogale ya fara ƙwanƙwasa jikin jirgin daga sama zuwa ƙasa. A sama katako yana amsawa ƙwas ƙwas. Da ya sauko sai ƙarar ta mutu, kamar ana bugun buhun gari. Ya shiga ciki ya ɗaga allunan taka ƙafa. Kwaɗin suka ja gefe. Ƙarƙashinsu wani farin abu kamar auduga ya bi haƙarƙarin jirgin duka, ya yi jijiyoyi, ya naɗe kowace ƙusa. Ya ɗora basilla a kan babban gungumen ƙasa, wanda ya ce shi ne ƙashin bayan jirgi. Bai ma danna ba. Basilla ta shige har mariƙi kamar a dafaffiyar kabewa, baƙin ruwa ya biyo ta.

"Baba," ya ce a hankali, "mai jirgin bai ce ka riƙa sa gishiri ba?"

Nomau ya dubi yakuwarsa. Hamadi ya bi inda idonsa ya tafi, ya gane, bai sake tambaya ba. Ya dai yi masa bayani cewa ruwan daɗi in ya kwanta a rufe cikin zafi, cin katako yake yi, gishirin shi ne maganinsa. Nishin da ake ji kuwa, haƙarƙari ne ke rabuwa da ƙashin baya. Ya ce in aka ɗaga jirgin nan daga amalanke, gindinsa a nan zai zauna. Ya yi sallama da ladabi, ya ƙi karɓar tumatirin da Zulaihatu ta ƙulla masa, mota ta koma kudu babu kaya.

Nomau bai yi kuka ba. Ya ninke babbar riga ya mayar akwati, ya kife bokitin, ya ce shi da jirgi an gama.

Kwanaki kaɗan jirgi ya fara bushewa. Da rana ta take sai ka ji ƙas, kamar an karya ƙashi, a yi shiru, sai wani ƙas. Babu maƙwabci, babu mota, babu abin da zai rufe ƙarar, tana bin gidajen da ba kowa tana dawowa. Kwaɗin suka fito suka jeru a inuwar amalanke, fuskarsu na kallon ƙofar ɗaki. Zulaihatu, wadda ta yi shekaru tana mitar ruwan da jirgi ke sha, ita ce ta ɗauko bokitin ta ajiye a gabansa.

"Malam, ka ba shi. In dai za ya yi shiru, ka ba shi."

Ya zauna yana kallon bokitin har inuwa ta juya. Sannan ya tashi ya tafi kasuwar Arlit, ya dawo da kantu a kafaɗa. Ta ga abin da ya ɗauko, ta dubi garka. Ya fasa gishirin da dutse, ya jiƙa yadda Dogo ya nuna masa, ya zuba. Jirgin ya yi nishinsa, ruwan ya bi ta ruɓaɓɓen gindi ya sauka kan shukar.

Yakuwa ce ta fara tafiya, tumatir ya bi ta. Zogalen ya fi su taurin rai, har yanzu yana tsaye, ganyensa ya koma ruwan ɗorawa yana zuba a kan farin ɓawon ƙasa. Nomau yana share ganyen kowace safiya kafin ya jiƙa gishiri.