Jibo Makaɗi da Taken Ƙanensa

Jibo makaɗin gangar noma ne, a wani ƙauye can tsakanin Maska da Funtua. Gajere ne, kafaɗarsa ta hagu ta karkace saboda ratayen ganga. Gadon abin ya yi. Uban dagacin garin ne ya bai wa uban Jibo gangar, ya haɗa masa da fadamar bakin rafi, a kan duk ranar gayyar gandun sarki su ne za su yi kiɗa. Wannan fadama ita ke ciyar da gidan, rake da dankali da albasa.

To a wancan zamani kowane namiji yana da takensa. Ranar da yaro ya fara riƙe garma ake yanka masa, kuma ko a tsakiyar kasuwa aka buga ya san da shi ganga take. Wanda aka kaɗa wa take ya ci gaba da zama, ba shi ba auren 'yar mutunci a garin nan. Jibo kuwa yana riƙe da taken mutum fiye da ɗari a kansa.

Yana da ƙane, Manu, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi bai ɗauki kiɗa ba, noma ya ɗauka, ba kuma mai kamo shi wajen huɗar kunya. Rani biyu ya yi yana dakon auduga a Funtua, bayan an sami mulkin kai, ya dawo da zancen da ya jiyo can. Wai don me talaka zai bar gonarsa ciyawa na ci, ya je ya huɗe ta dagaci a kan fura ƙwarya guda. Samari suka bi shi. Aka yi shelar gayya, suka ce ba mai fita.

Dagaci Maitama ya aika aka kirawo Jibo. Ya faɗi ya yi gaisuwa.

Dagaci ya ce, "Jibo, yaya rake bana?"

"Ranka ya daɗe, ya yi kyau."

"Madalla. Ƙanenka na ji ya zama sarkin samari. Mu biyu ke nan a garin. Ranar Asabar da nasa taken za ka fara. In ya tashi, duk sun tashi."

"Ranka ya daɗe, in fara da na manya dai, kamar kullum."

"Da nasa. In hannunka ya gaji, Bature makaɗin ƙetaren rafi ya daɗe yana son gangar nan, yana kuma son albasa."

Jibo ya koma gida ya tarar da Manu a gindin ɗorawa yana gyaran ƙota. Ya faɗa masa komai, bai rage ba.

Manu ya yi dariya ya ce, "Yaya, kai ma ka san ƙafafuna. In ka buga, kai na zai ce zauna, su kuwa sun riga sun tafi. Kada ka buga."

"Fadamar fa? Iska za ku ci?"

"Sai mu ci gangar, ai fata ce."

Uwarsu Hajo tana tankaɗe a ƙofar ɗaki. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Ni dai biyu na haifa, ban haifi fadama ba, ban haifi sarki ba." Kowannensu ya ɗauka bayansa take.

Asabar da hantsi dattawa suka jeru a bakin gandu, ba su kai ashirin ba. Samari suna can kan tudu zaune, an jingine garemani. Dagaci na bisa buzu a inuwa. Jibo ya ɗaura ganga, ya ja tsirkiya, ya saki, ya sake ja. Matarsa Tasalla, da ta kawo fura, ta ce ba ta taɓa ganin ya daɗe yana gyaran ganga haka ba. Sannan ya buga.

Sau uku ya kaɗa taken. A na uku Manu ya miƙe. Bai dubi kowa ba, ya saɓa garma ya gangaro, ya kama kunyar farko. Samari suka dubi juna, suka biyo shi ɗaya-ɗaya. Ya huɗe kunyar nan har ƙarshe, ya ba na bayansa rata mai yawa, kamar yadda ya saba. Da ya kai iyakar gona sai ya kafe garmar a ƙasa, ya tsallake shinge, ya miƙi hanyar Funtua da ƙasa a jikinsa. Gayya ta ci gaba har la'asar, aka sha fura aka watse.

Jibo ya riƙe gangarsa, ya riƙe fadamarsa. Garmar Manu ya ɗauko ya rataye a zaure. Bayan 'yan shekaru soja suka karɓi mulki, abubuwa suka sauya, gayyar gandu ta mutu da kanta, ba wanda ya yi mata tawaye. Dagaci ma ya koma ɗaukar 'yan ƙwadago.

Manu ya zauna Funtua, ya yi aure can. Sau ɗaya ya zo, rasuwar Hajo. Suka gaisa da wansa a tabarmar makoki, ya tambayi iyali, ya tambayi rake, ya kwana uku ya koma. Ya ga garmar a zaure, ya bar ta a nan.

Jibo ya tsufa yana kiɗan biki da suna. 'Ya'yansa tara duk fadamar nan ta raine su. In samari suka ce Baba a kaɗa mana taken mutanen da, sai ya kaɗa musu na kowa, har na waɗanda suka mutu. In aka zo kan na Manu sai ya ce ya manta.