Inna Asabe da gidan da ba shi da dokin ƙofa

Inna Asabe ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina buɗe shago ke nan, ko zare ban sa wa keke ba. Maryama ce ta kira daga Bunguɗu, ɗaya daga cikin matan da ke zaune a gidan Inna. Ta yi sallama, ta kasa ci gaba, sai shessheƙarta nake ji. Ban bari ta ƙarasa ba, na gane.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na so in kashe wayar in zauna da baƙin cikina. Sai tsautsayi ya sa na leƙa shafin nan na sada zumunta, abin da na fara cin karo da shi rubutun wani Alhaji ne. Ya sa hotonta, ya kira ta uwar nakasassu, wai abin alfaharin zuri'arsu. Jama'a kuma sun yi layi a ƙasa suna ba shi haƙuri.

Shi ake ba haƙuri.

Ba zan kama sunansa ba, ƙanen mijinta ne, ya san kansa. Amma yau sai na faɗi abin da na gani da idona, wanda zai ji haushi ya ji.

Ni 'yar Karakkai ce. Shan inna ya cinye mini ƙafafu tun ina ƙarama. Iyayena ba su ƙi ni ba, Allah Ya ji ƙansu, amma gidanmu gidan masu ƙafa ne. Dokin ƙofar ɗakinmu sai an ɗaga ni nake haye shi. Bayi yana can ƙuryar gida, da damina sai in ja jiki cikin taɓo kafin in kai. Har na zama budurwa ina ƙin shan ruwa da rana don kada fitsari ya kama ni in nemi mai ɗauka. Wanda bai yi wannan zaman ba, ba zai gane ba.

Inna tana zuwa garinmu sarin gyaɗa, don sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Nan ta gan ni. Wannan kuwa ba a daɗe da yanke Zamfara daga Sakkwato ba. Ta zauna da babana a zaure, ta gaya masa ita ma ta haifi ɗiya guda mai irin lalurata, mijinta ya gyara gidansu na Gusau kaf saboda yarinyar. Yarinyar ta rasu, shi ma ya bi ta, ɗakuna suna nan ba kowa. Ta ce ya ba ta ni in zauna in koyi sana'a, duk ranar da na ce ba na so, ita da kanta za ta maido ni.

Gidan yana bayan gari a lokacin, kusan cikin gonaki. Ginin ƙasa ne da shafen siminti, ba wani abin kallo ba. Amma daga zaure har tsakar gida gangare ne, babu dokin ƙofa ko ɗaya. Ƙofofi masu faɗi, keken guragu yana shigewa ba ya gugar bango. An binne rabin randa a ƙasa yadda daga zaune za ka ɗebi ruwa. Rijiya da murfinta na ƙarfe. A bayi an gina wurin zama, an kafa ƙarfen kamawa a gefe.

Ranar da na fara shiga bayin nan ni kaɗai na ja ƙofa na rufe, na daɗe a ciki ina kuka. Inna ba ta ƙwanƙwasa ba. Da na fito ta miƙo mini moɗa cike da ruwa, ta ce in sha iya son raina.

Kada ku ɗauka mai lallashi ce. Wata rana na ce ta miƙo mini kwano, yana ɗan nesa da ni. Ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Ƙafa ce babu, Saratu. Hannu mi ya same shi?" Na yi fushi har yamma. Ita ta samo mini keken ɗinki na hannu, ta haɗa ni da wata tela a unguwar. Da shi nake ci har gobe.

Mu huɗu ta tara a gidan, amma wadda muke ɗaki ɗaya da ita Lami ce, makauniya daga Bilbis. Inna ta ɗaura mata igiya daga ƙofar ɗaki zuwa bayi, wata kuma zuwa murhu, ta hana kowa shanya a kansu. Lami ga surutu ga tsokana. Kitso take yi da lalube, kuma matan unguwa har rububinta suke yi. Tana kitsa kan mace tana ce mata ai ta fi kowa kyau a garin nan, ita shaida ce tunda ta gani da idonta. A gidan nan Lami ba ta riƙe sanda. Takan ce a Bilbis ita makauniya ce, a gidan Inna kuwa mai kitso ce.

To sai Gusau ta fara cika. Ma'aikata suka yi ta kwararowa, kowa yana neman wurin zama, bayan garin da ba mai kallo ya zama gari. 'Yan'uwan mijin Inna, waɗanda rabonsu da gidan tun sadakar arba'in ɗin mijin, suka tuna suna da gado. Alhajin nan shi ne a gaba.

Ku ji da kyau, Inna ba ta yi musu da rabon gado ba. Ta ce abin da Allah Ya raba ita ba ta isa ta hana ba, ta san kasonta, ta san nasu. Abu ɗaya ta roƙa: a bar mu zuwa kaka, ruwa ya ɗauke, ta samo inda za ta kai mu. Ya ce mai sayen gidan sauri yake yi. Muna zaune a tsakar gida, ni da ɗinkina, Lami da kan wata a cinyarta, ya nuna mu da makullin mota ya ce a mai da kowa garinsu, ai ba a kanmu aka fara nakasa ba. Bai dubi fuskar ko ɗayanmu ba.

Inna ta ɗauke ni muka tafi wani ofishi da aka ce shi ke kula da irinmu. Ofishin a saman bene yake. Na wuni a gindin matakala, masu wucewa suna jefa mini kwabbai, alhali ba bara na zo ba. Ta hau, ta jira, ta sauko. An ce mata za a duba.

Har yau ana dubawa.

Ana tsakiyar damina, da hantsi, leburori suka iso da diga da guduma. Gangaren zaure suka fara fasawa, wai don motar yashi ta samu wurin juyewa. Ke nan mu masu keke an rufe mu a ciki. Wani ya sa wuƙa ya yanke igiyoyin Lami don suna tare masa hanya. Ta fito daga ɗaki ta kai hannu inda ta saba, ba ta ji komai ba. Ta tsaya cak a tsakar gidan da ta sani kamar tafin hannunta, tana juyawa, tana kiran Inna, ga ƙarar kwanon rufi ana ɓamɓara a kanta.

Alhaji ya ce a fitar da mu. Wani ƙato ya sungume ni kamar buhun gero, zanina ya kwance a gaban maza. Inna ta cire mayafinta ta rufe ni, ita ta tsaya da ɗankwali kawai a bakin titi. Ban taɓa ganin ta haka ba. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai dube shi ta ce:

"Haƙƙinka na gado ka karɓa, Alhaji. Haƙƙin ɗiyan ga kuma yana nan yana jiran ka."

Ya yi dariya ya shiga mota.

Ta bi unguwa-unguwa tana neman haya. Duk mai gidan da ya ji su wa za ta zauna da su sai ya ce an riga an kama. Ɗaya ma ya fito fili ya ce ba ya son zaurensa ya cika da guragu. Dole aka watse. Biyu iyayensu suka zo suka kwashe su. Kawun Lami ya zo daga Bilbis ya tafi da ita, tana riƙe da hannun Inna har cikin tasha, Inna tana yi mata alkawarin da zarar ta sa rufi ko na ɗaki ɗaya ne za ta zo ta ɗauko ta. Ni kuma ta tafi da ni Bunguɗu, muka raɓa a gidan yayarta.

Da kasonta na gadon ta sayi fili a can. Kullum tana kan maginin, in ya ɗora dokin ƙofa bisa sabo ta sa ya rushe. Ana gama rufin ɗakin farko, bayan kaka, ta shiga mota sai Tsafe, daga nan ta wuce Bilbis. Ni na share ɗakin na shimfiɗa tabarma biyu, har igiya na sa aka ɗaura.

Ita kaɗai ta dawo.

Lokacin girbi mutanen gidan su Lami duk sun tafi gona, aka bar ta ita kaɗai ba ruwa a randa. Ta lalubi guga ta nufi rijiyar bayan gida. Rijiyar ba murfi, ba ko datsi a bakinta. Sai da yamma aka gano ta. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, ba wanda ya ga ya dace a aiko mana.

Kaka kawai Inna ta roƙa. Da an bar mu zuwa kaka, da daga wancan gidan za a kawo Lami wannan.

Na san za a ce mini ajali ne, kwana ya ƙare. Na yarda, ni musulma ce. Amma ajali bai hana a tambayi wanda ya yanke igiya ba. Ban taɓa jin Inna ta yi wa mutumin nan Allah Ya isa ba. Ni na yi, kuma ban janye ba.

Ba ta ƙara ambaton sunansa ba har ta bar duniya. Abin da ta yi, tana da ƙarfinta da lafiyarta, ta tara liman da mai unguwa da dattawa, ta ce su shaida gidan Bunguɗu waƙafi ne ga mata masu lalura, ba na gado ba ne, ba na sayarwa ba. Daga ɗaki ɗaya ya zama biyar. Mata da yawa sun zauna a ciki, sun koyi sana'a, wasu sun yi aure daga nan. Ni ma daga nan aka kai ni ɗakin mijina. A duk shekarun nan Alhaji bai taɓa taka ƙofar ba, ko sabulu bai taɓa aikowa ba. Wancan gidan na Gusau kuwa masaukin baƙi ne yanzu, da matakala masu sheƙi a gabansa. In hanya ta bi da ni ta wurin, kau da kai nake yi.

Ganina da ita na ƙarshe bayan Babbar Sallah ne. Ɓarin jikinta ya riga ya shanye, magana tana fita da ƙyar. Na tarar Maryama ta turo ta a keke daga ɗaki zuwa inuwa. Da ta gan ni a nawa keken, muka yi gaba da gaba, sai ta kama dariya har da hawaye, ta ce ashe duk shekarun nan kanta take yi wa gini ba ta sani ba. Ta duba ɗinkin rigar da na kawo mata, ta ce wuyan ya karkace. Ya karkace ɗin kuwa.

Da zan tafi ta riƙe mini hannu da hannunta mai lafiya.

"Saratu, ke ce mai baki a cikinsu. In sun zo, kada ki yi kuka. Ki yi magana."

Sun zo ɗin. Maryama ta gaya mini tun ba a gama yi wa Inna wanka ba, wasu samari daga danginta suna zagaya katanga suna duba iyakar fili, ɗaya har yana tambayar ko matan da ke ciki suna da inda za su koma.

To ga magana. Liman yana raye, dattawan da suka shaida wasunsu suna raye, ni ma ina raye. Yanzu zan rufe shago in kama hanyar Bunguɗu, kuma a zaure zan zauna. Wannan karon duk wanda zai ɗauki wata ya fitar, sai dai ya fara da ni, duniya tana kallo.

Kai kuma Alhaji, ka sauke hotonta daga shafinka. In ta'aziyya kake so a yi, ka san hanyar Bilbis, ka je ka nemi gafarar mutanen da ka mayar wa ɗiyarsu.

Ya Allah, ga baiwarKa Asabe ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka sauƙaƙa mata hisabi kamar yadda ta sauƙaƙa wa bayinKa zaman duniya. Ka sada ta da ɗiyarta da mijinta a Aljanna Firdausi. Ka tsare matan da ta bari, Ka sanyaya mini zuciyata, don yau tafasa take yi.

Don Allah duk wanda ya karanta, kada ya wuce bai yi mata addu'a ba, ko Ƙulhuwallahu ce. Ku sa da Lami mai kitso. Ita ba wanda ya taɓa rubuta mata ko layi ɗaya sai yau.