Tashi, Kaɗo

Ni da taubashina ba mu taɓa yin gaisuwa irin ta mutanen kirki ba. Mahaifiyarsa ƙanwar mahaifina ce, wato Gwaggo, wadda aka kai Maradun gidan wani Bafulatani da iyayensa suka daɗe da jingine sanda suka kama fartanya. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka a ƙa'idar wasan taubasai shi bawana ne tun ranar suna. Da ya ga an riga an ci shi ta nan, sai ya ɓullo ta wajen ubansa, ya raɗa mini Kaɗo, sunan da Fulani ke kiran Bahaushe da shi in suna jin tsokana. A haka muka girma har furfura ta same mu, ni ina koyarwa a firamare a Talata Mafara, shi yana da rumfa a kasuwar garin inda yake gyaran injin ban ruwa da janareta.

Kowace shekara in watan cika-ciki ya kama, yakan zo ƙofar gidana da tsintsiya a hannu, wai bawa ya zo sharar gidan ubangijinsa. Sharar ba ta wuce ya kaɗa tsintsiyar sau ɗaya ya ta da ƙura a kan takalmina. Daga nan sai ladan shara, kuma shi ba ya jiran a ba shi. Hular da ke kaina yake cirewa. Na yi dabarar sa tsohuwar hula a ranar, sai ya gane, ya riƙa wucewa ɗaka ya ce wa mai ɗakina ta fito da ta Juma'a. Ita kuwa da ma neman abin da za ta yi mini dariya take, ko gardama ba ta yi masa.

Abin ya faru ne a Bakura, wajen ɗaurin auren wata ɗiyar danginmu, bayan ƙaramar salla. An shafa fatiha, an shimfiɗa tabarmi a inuwa, ana jiran tuwon shinkafa. Na samu wuri mai kyau na baje. Sai ga shi ya ratso mutane da babbar rigarsa, ya tsaya a kaina, ya ɗaga murya yadda na nesa zai ji.

"Tashi, Kaɗo! Tun yaushe Kaɗo ka zama bisa tabarma Bahillace na tsaye? Ku dai Haɓe ku yi ta noma, mu mu ci!"

Na ce, "Ku ji min bawa da bakin tsiya! Ɗauko min buta, ɗan mace, in ka gama ka zo ka yi min hihita."

Aka kwashe da dariya. Ya ture ni ya zauna, muka sa hannu a kwano ɗaya, yana janye naman gabana zuwa gabansa. Wannan magana mun yi ta a gidan suna, mun yi ta a gidan biki, har a zaman makoki mun taɓa yin ta ƙasa-ƙasa. Ba mu lura cewa yanzu kowane taro yana da wayoyi a sama ba.

Har yau ban san wanda ya ɗauka ba, kuma na daina nema. Abin da na sani shi ne, kafin mako ya zagayo hoton ya shiga wayar kowa, kuma an yanke shi daidai inda ya rufe baki. Amsata ba ta ciki, dariyar ma ba ta ciki. Bafulatani ne kawai tsaye a kan dattijo Bahaushe yana cewa ku noma mu ci, an kuma rubuta a ƙasa cewa a ji abin da suke faɗa a kanmu. Wanda ya san halin da yankinmu ke ciki, ya san yadda mutanen daji ke tare manomi a gonarsa, ba sai an yi masa bayanin yadda wannan magana za ta sauka a kunne ba.

Lokacin kuwa shinkafar rani na tsakiyar neman ruwa, lokacin da rumfarsa kan cika har a rasa inda za a taka. Sai injina suka fara raguwa. Wasu suka zo suka ɗauke nasu ba a gama gyara ba. Matasa suka yi ta tura wa juna saƙon a ƙaurace masa, mutanen da ko fuskarsa ba su taɓa gani ba suna rantsuwa sun san halinsa tun da daɗewa. Wani ma ya rubuta cewa a bincike shi, ƙila ɗan leƙen asirin mutanen daji ne. Wannan ita ce ta tsinka mini zuciya, don a wajenmu irin wannan magana ba ta tsayawa a waya.

Na sa ɗiyata ta fari, wadda ta zo hutu daga jami'a, ta ɗauke ni a waya ina bayani. Na gyara zama, na zayyana asalin taubasantaka tun daga tushe kamar ina gaban allo. Ba a kalla ba. 'Yan kaɗan da suka kalla suka ce an matsa wa tsohon ne. Ni, da ko hedimasta bai taɓa matsa mini na yi shiru ba! An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to amma kafin furen ya kaɗe ai an sha kallo.

Duk wannan na iya ɗauka. Abin da na kasa ɗauka ya zo ne wata safiya, da taubashina ya yi sallama a ƙofar gidana. Na fito da zagina a baki, na same shi ya rage tsawo, ya miƙo hannu biyu.

"Malam, ina kwana? An tashi lahiya? Yaya iyali?"

Malam! Tun muna yawo ba wando bai taɓa kirana Malam ba. Na ce, "Kai bawa, mi as same ka?" Ya yi wani ɗan murmushi irin na baƙo, ya ce ya zo ne ya ba ni haƙuri a kan sunana da ya shiga bakin duniya saboda shi. Ya yi mini doguwar gaisuwa tsaf, babu abin da ya tsallake, har da ya gajiya, ya zafi. Da ya tafi na koma ɗaka na zauna, raina ya ɓaci ƙwarai. Ji na yi kamar an yi mini rasuwa, alhali ga mutumin can yana tafiya da ƙafarsa.

A majalisarmu ta teburin mai shayi kuwa, maganar ta zama abin ci da burodi. Akwai abokina mai sayar da taki, ɗan siyasa ne har ɓargo. Shi yana bayana, yana buga tebur.

"Dimokuraɗiyya muka yi ƙasag ga! Kowa na da 'yancin hwaɗin albarkacin bakinai. Yau an rufe bakin mai gyaran inji, gobe naka za a rufe!"

Na ji daɗin goyon bayan, sai dai na san shi. Wannan mutumin ne ya taɓa neman a hana wani matashi zama a teburin saboda ya kushe ɗan takararsa. 'Yancin baki a wajensa kamar laima ne, ba ya tunawa da ita sai ruwa ya sauka a kansa.

Wanda ya ɗaure mini baki wani dattijo ne da ya baro wani ƙauye kusa da Damri ya dawo Mafara da iyalinsa. Ba mai yawan magana ba ne. Ranar da na cika wurin da bayani, sai ya ajiye kofinsa ya dube ni.

"Malam, na san wasa kuka yi. Ni ma ina da taubasai. Amma maganag ga, ku noma mu ci, ita anka hwaɗa min tsakiyar gonata, kuma wanda yah hwaɗe ta da bindiga ga kahwaɗa. Ban iya dariya."

Na sha shayina da ya riga ya huce.

A gida ma ban tsira ba. Ɗiyata ta ce, "Baba, da rabinka anka yanke anka sa, da yanzu kai aka tsinewa. Mutum hwa ka kira bawa." Ita a ganinta a binne kalmomin duka biyu, Kaɗon da bawan, tunda kowace tana da tarihin da ba na dariya ba. Na ce mata tarihin ne ya sa kakanninmu suka mayar da su wasa, don a cire musu dafi. Ta ce wanda aka sara ne ya san ko dafin ya fita. Na ce wanda nake kira bawa shi ke cire mini hula a ƙofar gidana. Muka yi ta yi har abinci ya yi sanyi, uwarta ta ce duk wanda ya ƙara cewa uffan shi zai wanke kwanuka. Ba ta kayar da ni ba, ni ma ban kayar da ita ba, kuma a ɓoye na ji daɗin yadda ta iya gardama. Gado ba ya ɓata.

Na yi ta juya abin a raina har damina ta sauka. Na yarda dattijon Damri yana da gaskiya: wancan rabin maganar zamani ya lalata shi, kamar miyar da ta kwana. Amma Kaɗo sunana ne. Mutum ɗaya ne a duniya yake da ikon kirana da shi, kuma ban ga dalilin da zai sa waɗanda ba su san gidan Gwaggo ba su ƙwace mini shi ba.

Watan cika-ciki ya kama. Na sa hulata ta Juma'a, sabuwa fil, na zauna a ƙofar gida. Bai zo ba. Mai ɗakina ta leƙo ta gan ni, ta koma ba ta yi dariya ba, abin da ya ƙara ba ni haushi.

Ranar Talata, kasuwa ta cika, na ɗauki tsintsiyar tsakar gida na saɓa a kafaɗa. Na ratsa 'yan hatsi da 'yan albasa da babbar riga da tsintsiya, yara da manya suna bina da ido, wasu na cewa Malam ya taɓu. Na iske shi a rumfa yana goge wani tsohon janareta da ba ya bukatar gugar. Na jefa tsintsiyar a gabansa.

"Bawa ya yi tawaye ko? Wata ya kama, gidana na nan da datti!"

Ya miƙe da sauri, ya dubi hagu da dama. Mutane sun fara taruwa, wayoyi sun fara tashi sama. Ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Malam, don Allah bari. Ana kallo."

"Don a kalla niz zo. Kowa shi ɗauka, amma wanda yay yanke Allah ya isa."

Kujera ɗaya ce a rumfar, ta ƙarfe, wadda ba ya bari kowa ya hau. Na ja ta tsakiyar ƙofa na zauna, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ga ni zaune, ga shi tsaye. Duk wanda ya ga wancan hoton ya gane abin da nake nema. A cikin mutanen na hango dattijon Damri da buhu a hannu, ya tsaya yana kallo. Na san in taubashina ya sake ce mini Malam a gaban wannan taro, to shi ke nan, Malam zan mutu.

Ya daɗe yana kallon tsintsiyar. Sannan ya duƙa ya ɗauke ta, ya kaɗa sau ɗaya, ya watsa mini jiƙaƙƙiyar ƙasa a takalmi.

"Tashi, Kaɗo. Kujerag ga ba ta ɗaukar tumbin tuwo."

A nan ya tsaya. Bai ƙarasa da wancan rabin ba, kuma bai sake faɗarsa ba har yau. Wasu suka yi dariya, wasu suka yi tsaki suka wuce. Dattijon Damri bai yi dariya ba, amma da rani ya dawo shi ne ya fara kawo injin ɗansa gyara, ya tsaya a kai har aka gama. Ba kowa ne ya dawo ba. Mai taki yana nan yana buga tebur, ɗiyata kuma har gobe tana cewa kalmomin ba su da kyau, ko da yake in Baffanta, wato taubashin nawa, ya zo ita ke fara miƙa masa tsintsiya.

Ni dai a ranar ban tashi daga kujerar nan da wuri ba, don idona ya cika, kuma ba na so Bafulatani ya gani ya samu abin faɗa. Ina sunkuye ina kakkaɓe takalmi na ji iska ta bugi tsakiyar kaina. Ya cire hular. Na koma gida ta tsakiyar kasuwar Mafara da sanƙona a waje, rana na dukansa, ana nuna ni da baki, kuma tun da aka haife ni ban taɓa jin daɗin tafiya irin wannan ba.