Shanun Jikin Dutse

Jiya a ajin yaƙi da jahilci na ga hoton duwatsun Abzin, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai. Shi ya taɓa yi wa masu bincike jagora can: wannan na auna rijiyoyi, wancan na tambayar tsofaffin masallatai, wata na tsinkar ciyawa.

Shekarar fari muna Gazawa, shanu uku suka rage mana, warin mushe ko'ina. Na kafe ba inda za ni, ruwa zai zo. Kawu ya ce a hankali, "Ke ɗiyata, can saman Abzin na shafa shanun da mutanen dā suka zana jikin dutse, inda ko ƙaya ba ta tsirowa. Su ma sun jira."

Ranar muka kora kudu. Allah ya sanyaya makwancinsa.